Ina so in ajiye aiki in kama rubutun ban tsoro mai barkwanci irin na Jason Pargin, me kuka gani?

Ɗan_Tasha99: Salamu alaikum 'yan gurup. Ina da magana kuma don Allah kar a yi min dariya. Wata uku ke nan ina bin wani bature ɗan Amurka, Jason Pargin, a TikTok na fara ganinsa yana ta surutu kan abubuwa kala-kala, ashe marubuci ne, shi ya rubuta John Dies at the End. Abin da ya ɗaure min kai wai a intanet ya fara sa labarin kyauta, ba kamfani ba kowa, mutane suka yi ta karantawa har aka buga littafi har aka zo aka yi fim. To ni ma irin rubutun da nake yi ke nan, aljanu da dodanni amma da barkwanci a ciki, yanzu haka babi 14 gare ni a waya. Shawara nake nema, so nake in ajiye aikin shagon da nake yi in fuskanci rubutun gaba ɗaya. In shi ya yi me zai hana ni? Sannan wai a Hausa akwai masu karanta ban tsoro haɗe da ban dariya kuwa, ko ni kaɗai nake haukana?

Gizo_Ba_Ƙoƙi: Hhhhh ka ce kar a yi dariya amma ai kai ka ce rubutun barkwanci kake yi, to ga shi ka fara cin nasara

Malam_Nahawu: Wa alaikumus salam. Ƙanina zauna tukuna mu yi lissafi kafin ka je ka miƙa wa maigidanka makulli. Mutumin nan an haife shi a 1975 a jihar Illinois. A 1999 ya buɗe shafinsa na barkwanci mai suna Pointless Waste of Time, wato ɓata lokaci a banza, shi da kansa ya raɗa masa sunan. A 2001 ya fara sa labarin John ɗin nan, lokacin bikinsu na Halloween da suke ba juna labaran tsoro, kuma ba a zama ɗaya ya gama ba, duk shekara sai ya ƙara wani kashi. Sai 2007 wani ƙaramin kamfani mai suna Permuted Press ya buga shi a takarda, babban kamfani kuma St. Martin's sai 2009. Fim ya fito 2012. Duk tsawon lokacin nan yana da aikin da yake karɓar albashi, da farko aikin ofis, daga 2007 kuma edita a shafin barkwanci na Cracked, bai bar can ba sai 2020. Cire 2001 daga 2020 ka gaya min nawa ya rage. Shekara 19 yana rubutu da dare yana aiki da rana. Kai babi 14 gare ka kana maganar sakin reshe ka kama ganye.

Ɗan_Tasha99: Kai Malam ka kashe min jiki wlh. Ni na ɗauka cikin shekara biyu uku komai ya faru

Alƙalamin_Ummu: Haka ake ɗauka kullum, sai mutum ya fito ake ganinsa, babu mai ganin lokacin da yake zaune shi kaɗai da fitilar waya sauro na cizonsa. Ni shekara shida ina rubutu a WhatsApp da Wattpad kuma har yau ban bar koyarwa ba. Amma ɗan'uwa tambayarka ta biyu ita ta fi jan hankalina. Masu karatu akwai su, sai dai a wajenmu in ka sa aljani a labari mutane da gaske suke ɗaukarsa, ba wasa ba ne a wurinsu. Na taɓa sa wata aljana a labarina tana ƙorafin tsadar gawayi, wlh rabin gurup suka yi ta dariya rabi kuma suka bi ni ta bayan fage wai in ji tsoron Allah kar in jawo wa kaina, wata har ayatul kursiyyu ta turo min.

Gizo_Ba_Ƙoƙi: Anti Ummu aljana mai ƙorafin gawayi 😂😂 don Allah turo min wannan babin

Injiniya_Sabo: Ni na karanta littafin na farko da na biyu, bari in ɗan faɗi yadda yake yi don ina ga a nan darasin yake ba a maganar barin aiki ba. Samari biyu ne, Dave da John, ba su da wata sana'ar kirki, a wani gari da ba a faɗin sunansa, a ko'ina sai dai a rubuta ba a bayyana ba. Sai suka ci karo da wata ƙwaya baƙa da ake kira Soy Sauce, wanda ya sha sai ya fara ganin abubuwan da sauran mutane ba sa gani. To dabarar ita ce abin tsoron na gaske ne, mutane na mutuwa, amma su biyun wawaye ne, yadda suke tunkarar abin shi ke ba ka dariya. Akwai wurin da naman cikin firiza ya harhaɗe kansa ya zama dodo ya miƙe tsaye, akwai inda ake magana da mutum ta cikin wani dunƙulen nama kamar waya. Kana cikin dariya sai ya jefo maka wani abu da zai sa ka waiga bayanka. Kuma a farkon littafin akwai wata kacici-kacici ta gatari da har yau nake tunaninta, ka sare wani mugu da gatari, ƙota ta karye ka sake sabuwa, daga baya ruwan gatarin ya lalace shi ma ka sake, sai mugun ya taso daga kabari ya ce wannan gatarin ne ya kashe ni. Gaskiya ya faɗa ko ƙarya?

Bahaushen_Kumasi: Gatarin kakana ke nan, sau uku muka sake ƙota sau biyu muka sake ruwa kuma har yau gatarin kaka muke ce masa

Yar_Damagaram: Ni abin da ban gane ba, na nemi littafin sai na ga an rubuta David Wong a bango. Mutum biyu ne ko kuwa?

Malam_Nahawu: @Yar_Damagaram mutum ɗaya ne 'yar'uwa. David Wong sunan alƙalami ne, ya ɗauke shi tun farko don kada abokan aikinsa su san shi ke rubuta shirmen da ke intanet. Kuma ya sa wa mai ba da labarin cikin littafin wannan sunan, sai ya zama kamar marubucin ne ke ba da labarin kansa. A 2020 ya ajiye sunan ya koma na yanka, sababbin bugu duk Jason Pargin ake rubutawa. Tsohon bugu kika gani.

Kwaro_Mai_Data: To ai ga matsala nan. Bature fari tas ya ɗauki sunan 'yan Sin ya yi shekara wajen 20 yana cin abinci da shi, mutane da yawa sun ɗauka ɗan Sin ne. Da wani ne daga kudu ya sa wa kansa Ɗanladi Kano yana rubutu muna saye da tunanin namu ne, da an gano ai sai mun cika Facebook da zagi

Injiniya_Sabo: Kwaro a cikin littafin ma an bayyana ai, shi Dave ɗin ba ɗan Sin ba ne, ya canja suna ne zuwa Wong saboda masu sunan sun yi yawa a duniya, nemansa zai yi wuya. Ba ɓoyewa ya yi ba, hotonsa na nan ana ganinsa a hirarraki tun tuni.

Kwaro_Mai_Data: Wanda ya karanta shi ya san haka. Wanda ya ga bango a shago fa?

Alƙalamin_Ummu: Maganar sunan ɓoye kam mu mata mun fi kowa saninta. Ku duba marubutan WhatsApp, Ummu wance, Maman wane, 'Yar mutan gari kaza, nawa ne ke sa sunansu na gaskiya? Ni kaina surukata ba ta san ina rubutu ba kuma ba na fatan ta sani. Don haka na fahimci dalilinsa na farko sarai, mutum na tsoron a kore shi daga aiki. Inda Kwaro ke da gaskiya shi ne zaɓen sunan wata al'umma, wannan daban ne da ka kira kanka Maman Afnan.

Hajiya_Mai_Littafi: Yara ku bar ni in sa baki. Tun kafin a haifi da yawanku nake sayar da littattafan Hausa, kuma masu cewa wai ban tsoro da ban dariya ba sa haɗuwa a Hausa sun manta da tatsuniya. Dodo zai cinye yarinya, kana jin tsoro, sai ga Gizo ya zo da tsamin bakinsa ya yi masa wayo kowa ya fashe da dariya. Da daddare ake yin ta a tsakar gida, yaro na dariya yana matsowa jikin kakarsa don tsoro. To mene ne wannan in ba abin da ɗan nan yake tambaya ba? Labarin kimiyya ma ba baƙo ba ne, Umaru Dembo ya rubuta Tauraruwa Mai Wutsiya tun 1969, yaro aka ɗauka aka yi sararin samaniya da shi. Abin da ya faru kawai kasuwa ce ta karkata ga soyayya, mai bugawa yana son abin da zai ƙare a sati biyu, ni ma shi nake sarowa, ba zan yi ƙarya ba.

Ɗan_Tasha99: Hajiya na gode, wlh kin dawo min da rai bayan Malam ya kashe ni

Hajiya_Mai_Littafi: Ban ce ka bar aiki ba fa ɗana, kar ka je ka ce Hajiya ce ta ce

Gizo_Ba_Ƙoƙi: An ambaci sunana a muhawara, alhamdulillahi

Sojan_Fim: Ni ta fim ɗin na san shi. Don Coscarelli ne darakta, wanda ya yi Phantasm a 1979, kuma Paul Giamatti ya fito a matsayin ɗan jaridar da Dave ke ba labari a wani gidan abinci. A bikin finafinai na Sundance aka fara nuna shi a farkon 2012. Abin mamakin shi ne yadda daraktan ya san da littafin, ba wani ne ya kai masa ba, saƙon imel ne irin na Amazon da na'ura ke turowa, tun da ka sayi kaza wataƙila za ka so kaza, ya ga sunan littafin ya ba shi sha'awa. To ka ga nan rabo ne tsantsa. Amma kar ku ɗauka fim ɗin ya yi wani tashe a sinima, gidaje kaɗan ne suka nuna shi, daga baya ne masu son irin wannan suka riƙe shi. Kuma sun yanke kusan rabin littafin, har karyar da ke ciki Molly suka mayar da ita kare namiji da wani suna daban.

Malam_Nahawu: Rabo ne, na yarda, amma rabon ya tarar da littafi a kasuwa. Da babi 14 ne a cikin waya na'urar Amazon ba ta da abin da za ta tura.

Bahaushen_Kumasi: Malam ka bar yaron nan ya sha iska mana 😅

Kwaro_Mai_Data: Ni tambayata a kan kyautar ce. An ce mutum kimanin 70,000 suka karanta shi kyauta kafin a sauke shi daga intanet a 2008. To su can wanda ya karanta kyauta yana iya zuwa ya sayi na takarda don ya ajiye. Mu nan fa? Ka sa babi ɗaya a gurup na kuɗi, kafin ka yi sallar isha'i an kwafe an watsa shi a gurup goma

Alƙalamin_Ummu: Kwaro ka taɓo min inda ke min ƙaiƙayi. Littafina na uku na sa shi na kuɗi, mutum 40 da wani abu suka biya, kwana biyu sai ƙawata ta turo min shi daga wani gurup da ban ma san da shi ba, an cire sunana an sa na wata, har da shafin godiya ta rubuta wa masoyanta. Na yi kuka ranar wlh. Wani kuma ya ɗauka ya karanta a YouTube yana samun kuɗin talla ko sallama bai min ba. Shi ya sa in ana kawo misalin turawa nake cewa a riƙa duba ƙasa, shuka ɗaya ce amma gonar ba ɗaya ba.

Yar_Damagaram: Allah ya saka miki Anti. Mu a nan ma haka ne, ga kuma wahalar biyan kuɗi, marubuciya na Kano tana son naira mu sefa gare mu, sai ka nemi wanda zai tura maka, wasu don haka kawai suke jiran na sata

Injiniya_Sabo: Kar ku ɗauka shi ma gonarsa ba ta taɓa ƙonewa ba. Cracked ɗin da yake aiki a lokacin da suke tashe miliyoyin mutane ke shiga, shi kansa rubuce-rubucensa na can sun fi littattafan yawo. Akwai wanda ya yi a kan abin da ya kira Monkeysphere, ya ɗauko binciken wani masani Robin Dunbar na cewa ƙwaƙwalwar mutum ba ta iya riƙe alaƙa ta gaske da fiye da mutum wajen 150, duk wanda ya wuce nan a wurinka ba mutum ba ne sosai, inuwa ce kawai, shi ya sa kake iya zagin wanda ba ka sani ba a intanet ka yi barcinka lafiya. To a 2016 kamfanin Scripps ya sayi shafin a kan dala miliyan 39, ƙarshen 2017 aka sallami ma'aikata 25 a rana ɗaya har da duk masu yin bidiyo, 2019 aka sake sayar da shafin. Shi ya tsira a lokacin amma ya ga abokansa sun tafi. Da ba ya rubuta littattafai a gefe da shi ma abin da zai kama zai nema.

Ɗan_Tasha99: To ai Injiniya wannan hujjata ce! Aikin albashin ma ba tabbas, rubutun ne ya cece shi

Malam_Nahawu: Ka karanta da kyau ƙanina. Albashi ya riƙe rubutu shekara 19, sannan rubutu ya riƙe shi. Ba a fara gini daga rufi.

Uwar_Biyu_Kd: Ni dai ban ga abin koyi a nan ba gaskiya. Na leƙa sunayen littattafansa, akwai wanda ko faɗa ba zan iya yi a gurup ɗin nan ba don batsa ce ƙarara a bango. Irin wannan kuke so yaranmu su kwaikwaya?

Sojan_Fim: Hajiya na san wanda kike nufi, na 2020 ne, kuma gaskiyarki ne sunan bai dace da bakin mai kunya ba. Barkwancinsa akwai ƙazanta a ciki sosai, ba zan kare shi ba. Amma jerin littattafan da wannan yake ciki, na Zoey Ashe, shi ne ɓangarensa na kimiyya kuma ni ya fi burge ni. Na farkon Futuristic Violence and Fancy Suits ya fito 2015, ya ci kyautar Alex a 2016, wadda ƙungiyar ɗakunan karatu ta Amurka ke bayarwa. Zoey ɗin yarinya ce talaka ta wayi gari uban da ya watsar da ita ya mutu ya bar mata dukiya a wani sabon birni cikin hamadar Utah inda kusan babu doka, kowa na yawo da kyamara a jikinsa yana watsa komai kai tsaye, ana farautarta mutane na kallo suna tafi. Ki duba yadda muke yi yau in hatsari ya faru a titi, waya ake fara ɗagawa kafin a ɗaga mutum.

Uwar_Biyu_Kd: Wannan kam gaskiya ne, na gani da idona a hanyar Zariya. Amma dai ana iya faɗar gaskiya ba tare da batsa ba

Alƙalamin_Ummu: Ana iyawa Yaya, kuma shi Ɗan_Tasha dole ma ya iya in yana son a karanta shi a gidajenmu. Dabarar zai ɗauka ya bar musu kayansu.

Gizo_Ba_Ƙoƙi: Ni fa ban yarda da masu cewa a bi a hankali ɗin nan ba. Shekara 19?? Lokacinsa babu TikTok babu komai, yanzu mutum na iya fashewa cikin wata ɗaya. Shi kansa ai yanzu da bidiyo yake tallar littafinsa, Ɗan_Tasha ma a can ya gan shi

Injiniya_Sabo: To Gizo ka lura da abin da ka faɗa. Mutum mai littafin da ya shiga jerin waɗanda suka fi kasuwa na New York Times tun 2012, wancan na gizo-gizo This Book Is Full of Spiders, yau shi ne ke tsayawa gaban waya kusan kullum yana bidiyo don a tuna da shi. Wato ko bayan ya bar aiki bai zauna rubutu kawai ba, wani aikin ya sake ɗauka. Littafinsa na 2024 ma a kan haka ne, I'm Starting to Worry About This Black Box of Doom, babu dodo babu aljani, direban tasi ne wata mata ta ce za ta ba shi dala 200,000 ya kai ta daga Los Angeles zuwa Washington da wani baƙin akwati, sharaɗi kar ya buɗe kuma ya bar wayarsa a gida, sai 'yan intanet suka ƙaga cewa bam ne a ciki. Dodon littafin mu ne masu yaɗa jita-jita.

Bahaushen_Kumasi: Dala dubu ɗari biyu? Ni ko gawa ce a akwatin zan tuƙa har Tamale in dawo

Mai_Gurup: Jama'a a koma kan tambaya don Allah, an fara kaucewa. Kuma Gizo ka daina turo sitika, data na da tsada.

Hajiya_Mai_Littafi: Ɗan_Tasha wane irin shago ne kake aiki, in ba damuwa?

Ɗan_Tasha99: Na cajin waya da sayar da kati Hajiya, a bakin tasha. Daga ƙarfe 7 na safe zuwa 9 na dare

Hajiya_Mai_Littafi: Kai ɗan nan! Kana zaune a bakin tasha, direbobi da 'yan kamasho da fasinjojin dare suna zuwa suna ba ka labarin abin da suka gani a hanya, matar da ta tare mota a daji da ƙafar jaki, gawar da aka ɗauko ta yi atishawa, kuma duk da dariya suke ba da shi, shi ne za ka bar wurin ka koma ɗaki ka kalli bango? Me za ka rubuta a ɗakin?

Alƙalamin_Ummu: Hajiya ta gama magana 😂 ni da zan samu kujera a shagon nan da na biya haya

Kwaro_Mai_Data: Amma gsky awa 14 a shago yaushe zai yi rubutun? Kuna ta cewa dare dare, mutum ya dawo a gajiye ga babu wuta. Shi baturen a ofis yake da kwamfuta a gabansa. Ni ina ganin ya nemi maigidan ya rage masa awa ko ya samu yaro su riƙa karɓa-karɓa

Malam_Nahawu: Wannan shawara ce mai kyau, ban ƙi ta ba. Ni barin gaba ɗaya ne ban yarda da shi ba.

Gizo_Ba_Ƙoƙi: Ni har yanzu ina kan bakana, wanda bai yi kasada ba ba ya cin riba. Amma tukuna ma, duk muna ta yanke hukunci babu wanda ya ga rubutun. In babu daɗi fa? 😂

Ɗan_Tasha99: To shi ke nan zan turo babi na ɗaya bayan isha'i, labarin wani aljani ne da ya kawo cajin waya shagona ya ƙi biyan naira ɗari wai a zamaninsu da wuri ake biya. Amma Anti Ummu ta tsorata ni da maganar masu kwafa, in turo nan ko in bi mutum ɗaya ɗaya?

Yar_Damagaram: Turo nan mana, in an sata ai alama ce ya yi daɗi

Alƙalamin_Ummu: Kar ka saurare ta. Sa sunanka a tsakiyar kowane shafi ba a sama kawai ba, na sama shi suke fara gogewa

Bahaushen_Kumasi: Wai har yanzu babu wanda ya ba da amsar gatarin nan fa